Maikin Kwatarkwashi da Baƙi Daga Turai: Tsuntsayen Hanyar Tsafe Zuwa Bungudu

Idan ka taso daga Funtuwa za ka Sakkwato, hanya za ta bi da kai ta Tsafe, ka wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ka shiga Gusau, sannan ka faɗa Bungudu. Yawancinmu a yau idan muka hau wannan titi ba abin da muke kallo sai agogo da gefen daji, ana ta addu'a a isa kafin rana ta yi sanyi. Ba wanda zai ga laifinka a kan haka. Amma da a ce kana iya tsayar da mota ka fito ka ɗaga kai, da ka ga cewa wannan ɗan tsakanin ya haɗa abubuwa uku da mai nazarin tsuntsaye ke nema ido rufe: manyan duwatsu, kogi mai barin tafkuna da rani, da gonaki masu itatuwan gawo.

A ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu akwai mutanen da ke jan wata ƙaramar mota mai kama da ɗaki, da gado da murhu a ciki, su nausa daji su yi kwanaki a bakin ruwa, ba don komai ba sai don ɗaukar hoton tsuntsaye. Kana iya cewa aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma da ɗan gaskiyarka. Sai dai kaso mai yawa na abin da kimiyya ta sani game da inda tsuntsaye suke, da lokacin zuwansu, da ko suna ƙaruwa ko raguwa, daga irin waɗannan 'yan sa-kai ya fito. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a yi tafiya a kwana a bakin ruwa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro haka suke yi, madugu ba ya sauke ayari sai inda jakuna za su sha, shi ya sa zango da ruwa ba sa rabuwa. Ta irin waɗannan hanyoyi na fatake ne wasu Jamusawa biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, suka ratsa ƙasar Hausa a 1885 zuwa 1886, suka bi ta Zazzau da Kano da ƙasar Zamfara har Sakkwato. Hartert masanin tsuntsaye ne, daga baya ya shafe shekaru yana kula da babban gidan adana tsuntsaye na Tring a Ingila. Wato tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau an fara rubuta sunayen tsuntsayen wannan yanki.

Bari mu fara da dutsen.

Me ya sa maiki ke son Kwatarkwashi?

Duwatsun da kake gani a Tsafe da Kwatarkwashi ba tsiro suka yi daga ƙasa kamar yadda ido ke nunawa ba. Narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwan sama da zafi suka yi ta cin sassan da ke da tsagu-tsagu suna mayar da su ƙasa, ruwa yana kwashewa, har aka bar dunƙulen da ya fi tauri a tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Ga tsuntsu babba, irin wannan dutse gida ne da ba kamarsa, saboda dalili biyu. Na farko, bangonsa a miƙe yake, kura ko dila ko yaro mai ƙiriniya ba ya kaiwa ga ƙwai cikin sauƙi. Na biyu kuwa sai ka ɗan yi tunanin abin da ke faruwa da hantsi. Dutse ya fi ƙasar da ke kewaye da shi saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke kansa sai ta ɗumama, ta yi sauƙi, ta riƙa tashi sama kamar hayaƙin da ba a gani. Tsuntsun da ya buɗe fikafikansa a cikin wannan iska ba ya buƙatar kaɗa su, iskar ce ke ɗaga shi yana kewayawa. Shi ya sa ba za ka ga ungulu ko shirwa suna shawagi da asuba ba, sai rana ta ɗaga.

Maiki shi ne babban yayan ungulu. Nauyinsa yana kaiwa kilo 6 zuwa 9, faɗin fikafikansa kuma ya haura mita 2. Tsuntsu mai wannan nauyi in ya ce zai yi ta kaɗa fiffike kamar kurciya, ƙarfinsa zai ƙare kafin ya samo mushe ɗaya. Don haka rayuwarsa gaba ɗaya a kan waccan iska mai ɗumi ta dogara. Kuma ya ƙware a kanta har ya wuce misali: a ranar 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin sama ya yi karo da maiki a sararin samaniyar Abijan, a tsayin mita 11,300. Har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya kai wannan tsayi ba. A can sama iskar oksijin ta yi ƙarancin da mutum zai suma cikin 'yan mintuna, amma jinin maiki yana da wani nau'in himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, wanda ya fi namu kama iskar ko da kaɗan ce.

Masana da suka tattara jerin tsuntsayen Najeriya, irin su John Elgood wanda littafinsa ya fito a 1982 aka sake shi a 1994, sun ambaci dutsen Kwatarkwashi a matsayin wurin da maiki ke sheƙa yana ƙyanƙyasa. Mutanen garin ba sai an gaya musu ba, tunda tarihin garin ma yana ɗauke da bikin kamun maiki da ake yi a da. To yanzu ka tambayi duk wanda ya girma a Gusau ya haura shekara arba'in, yaushe rabonsa da ganin ungulu sun yi cincirindo a mahauta kamar yadda ya saba gani yana yaro? Amsar da zai ba ka ita ce amsar da aka samu a faɗin nahiyar. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya nuna nau'o'in ungulu takwas na Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a shekara 30, kuma maiki na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tun 2015 hukumar IUCN mai bibiyar halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanya maiki da ungulun mahauta a matakin da ke dab da ɓacewa.

Abubuwa biyu ne suka fi kashe su. Guba, wadda wani lokaci ba su aka nufa ba, makiyayi ne ya zuba wa mushe don kura ko karnuka, ungulu suka sauka suka ci. Sai kuma cinikin sassan jikinsu don magani da tsibbu, wanda a Afirka ta Yamma ya fi ƙarfi, kuma kasuwannin Najeriya na cikin manyan masu saye. A 2020 an tsinci gawar ungulu sama da 2,000 a Gini Bisau, da yawa an cire musu kai. Abin da ya sa wannan ɓarna ba ta gyaruwa da wuri shi ne lissafin haihuwarsu. Maiki ƙwai ɗaya tak yake yi a shekara, ya kwanta a kansa kusan kwana 55, kuma ɗan sai ya yi shekara biyar ko fiye kafin shi ma ya fara. Kaza ta iya mayar da asarar shekara cikin wata uku. Maiki in an kashe goma a mushe ɗaya, an ci bashin shekaru.

Kana iya cewa, to ina ruwana da ungulu, tsuntsun da ko sunansa zagi ne? Ka dubi Indiya. A shekarun 1990 makiyaya a can suka fara yi wa shanu allurar daikulofenak, maganin ciwon jikin nan da kai ma ka sani a kemis. Saniyar da ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ya ci sai ƙodarsa ta lalace. Cikin shekara goma sha wani abu ungulun ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulun ya jawo mutuwar ƙarin mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Sirrin yana cikin tumbin ungulu: asid ɗin da ke ciki yana da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cututtukan da in kare ko ɓera ya ci zai yaɗa su. A jihar da kiwo ke cikin manyan sana'o'inta, ni a ganina wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ruwan rani da baƙin da ke zuwa

Yanzu mu sauko daga dutse mu nufi kogi. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bungudu, ya wuce zuwa madatsar Bakolori da aka kammala a 1978. Ruwan saman Gusau bai wuce kimanin milimita 900 a shekara ba, kuma kusan duka a cikin wata biyar yake sauka. Daga Nuwamba kogin zai fara ja da baya, ya bar rairayi da 'yan tafkuna da laka, sai wurin madatsar ruwan Gusau da ke riƙe ruwa har rani. Duk abin da ke da rai a yankin dole ya matso nan: masu noman fadama, makiyaya, masu wanki, da tsuntsaye.

Wasu ka san su da suna. Balbela mai bin shanu tana cafke farar da ƙafafunsu suka tayar. Zalɓe da ke tsayawa cak a ruwa kamar an dasa shi. Kirinjijiya masu fito in sun tashi da dare. Zakaran ƙeƙuwa da ba ya barin kowa ya matso ba tare da ya tona masa asiri ba. Shamuwa kuwa ita da rani ba ta nan. Tana iso mana ne gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara, in kaka ta yi ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka inda nasu ruwan ke farawa. Da manoma ke cewa zuwan shamuwa alamar ruwa ne, kimiyya ba ta da abin gyarawa a maganar, don tsuntsuwar damina take bi daga wannan rabin nahiya zuwa wancan.

Amma akwai wasu da ba ka cika lura da su ba, don ƙanana ne kuma ba su da ado. Wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke kaɗa jela yana bin ƙafafun shanu a fadama. Wasu masu dogayen ƙafafu da ke tsattsaga laka da baki. Wasu masu launin ƙasa da ke leƙe-leƙe a cikin ƙaya. Da yawansu a Turai aka ƙyanƙyashe su. An ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai duk kaka su nufo Afirka kudu da Sahara. Turawa da kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba, har wasu na cewa tsattsewa a cikin laka take kwana. Sai a 1822 aka harbo wata babbar farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock.

Ta yaya abin da nauyinsa bai wuce cokalin sukari ɗaya ko biyu ba zai ƙetare hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000? Amsar ita ce kitse. Kafin tafiya tsuntsun zai yi ta ci ba ƙaƙƙautawa, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa. Giram ɗaya na kitse yana ba da ƙarfin da ya ninka na sitaci fiye da sau biyu, kuma ba ya buƙatar a ajiye shi da ruwa, don haka ba shi da nauyin banza. Wani abin mamakin ma, in jiki ya ƙona kitse, ruwa na fitowa daga ciki, kusan giram ɗaya na ruwa a kowane giram na kitse. Wato guzurinsa ya haɗa abinci da abin sha. Yawancinsu da dare suke tafiya in iska ta yi sanyi, da rana su laɓe a inuwar dutse ko ɗan kurmi. Wasu kuma ba sa sauka. A 2021 masu bincike daga Suwidin da suka ɗaura wa wasu tsuntsaye 'yan na'urori suka gano cewa in gari ya waye musu a kan hamada sai su haura sama da mita 5,000 su ci gaba da tafiya.

Hanya fa, wa ke nuna musu? Gwaje-gwaje sun nuna suna amfani da rana, da yadda taurari ke kewaya tauraron arewa, da kuma maganaɗisun duniya. Wasu Jamusawa mata da miji, Wolfgang da Roswitha Wiltschko, su suka nuna a 1972 cewa in ka juya maganaɗisun da ke kewaye da kejin tsuntsu mai ƙaura, shi ma sai ya juya alƙiblarsa. Ɗan da aka ƙyanƙyashe bana yana yin tafiyar farko shi kaɗai cikin dare, ba uwa ba jagora.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masana, wadda wani Bature mai suna Reginald Moreau ya yi fice da ita. Baƙin nan suna isowa ne a daidai lokacin da damina ta ɗauke, ciyawa na bushewa, ƙwari na raguwa, kuma haka za su zauna har Maris ko Afrilu, sannan a ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, su tara kitsen komawa. A ina suke samun abincin? Wani ɓangare na amsar yana tsaye a gonar kakanka. Gawo itace ne mai yin abu a juye: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, ya yi fure. Ganye da fure kuwa su ke tara tsutsotsi da ƙwari. Wasu masu bincike daga Holan ƙarƙashin Leo Zwarts sun bi yankin Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace, suka ga baƙin suna taruwa ne a 'yan nau'o'i kaɗan, yawanci masu ƙaya, irin su gawo da dangin bagaruwa da aduwa. Dogonyaro kuwa, wanda muka cika garuruwanmu da shi, kusan ba sa kula shi, don ɗacin da ke cikin ganyensa yana korar ƙwari. Ba ina cewa a sare dogonyaro ba ne, inuwarsa ta yi mana rana. Amma duk shirin dashen itatuwan da ya tsaya a kan dogonyaro da turare kaɗai, ya ba mutum inuwa ne ya bar tsuntsu da yunwa, kuma ya bar manomi ba takin da gawo ke zubar masa.

In ƙasarmu ta yi atishawa, Turai na jin sanyi a zahiri. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya cika musu gonaki ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara ɗaya. Da aka bi sawu sai aka ga ƙarancin ruwan sama ne a Sahel a 1968, farkon farin nan da ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970. Tsuntsayen sun nuna alamar tun kafin duniya ta farga da halin da mutane ke shiga.

Mu a Zamfara ma mun ga irin wannan, kuma da tsada. A 2010, kafin a gano gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna wuraren sun lura agwagwinsu na ƙarewa. Agwagwa tana kiwo a ƙasa da cikin laka, ita ta fara haɗiyar ƙurar dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba wanda ya haɗa mutuwarsu da rashin lafiyar yara sai daga baya.

Taswirar da ke da gurbi

A nan ne maganar tsaro ta shigo cikin kimiyya. Najeriya na da nau'o'in tsuntsaye sama da 900. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take jagorantar aikin zana taswirar inda kowane nau'i yake. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Ɗan sa-kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser, ya tura. Matasan Arewa sun taka rawa sosai a aikin. Amma taswira irin wannan inda ƙafa ta taka kaɗai take cika, kuma dazukan da 'yan bindiga suka mamaye ƙafar mai bincike ba ta zuwa. Sakamakon shi ne wuraren da aka fi sare itatuwa ba mai hanawa, aka fi tarwatsa makiyaya da garkunansu, su ne kuma wuraren da bayanai suka fi ƙaranci. In wani nau'i ya ɓace a dajin Kuyambana bana, ba rajistar da za ta nuna.

Kada ka fahimce ni a juye. Ba ina zuga ka ka ɗauki tanti ka tafi bakin gulbi tsakanin Tsafe da Gusau ka kwana ba ne. Kada ka yi. Yankin da aka shiga ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida aka kwashe su a Satumban 2023 ba wurin kwanan daji ba ne, kuma ba hoton da ya kai ran mutum. Ko ba 'yan bindiga, kwana a bakin ruwa yana da nasa sharuɗɗan: sauro ya fi yawa a nan, ruwan da ba ya gudu yana ɗauke da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma kwarin kogi yana iya cika cikin dare da ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa. Mutanen Gusau ba su manta ƙarshen Satumban 2006 ba, lokacin da madatsar ruwan garin ta ɓalle ta ci rayuka da ɗaruruwan gidaje.

Abin da za ka iya yi yana cikin gari. Bayan gidanku, makarantarku, lambun da ke gefen gulbi inda mutane ke aiki da rana, mahauta, juji, tsamiyar ƙofar fada. Duk waɗannan suna cikin wani gida na taswirar, kuma lissafin hasbiya da cilakowa da balbela yana da daraja daidai da na tsuntsun da ba a cika gani ba, don raguwar abin da aka saba gani ita ce ke fara nuna matsala. Har rashin ganin abu ma bayani ne. In ka yi awa biyu a mahautar Gusau ba ka ga ungulu ko ɗaya ba, ka rubuta hakan da kwanan wata, ka ba wanda zai zo bayan shekara goma abin kwatantawa.

Sai ka kiyaye abu ɗaya da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. A halin da ake ciki, baƙon fuska mai riƙe da madubin hangen nesa ko kyamara mai dogon baki yana iya jawo zargin cewa infoma ne. Ka fara gaida mai unguwa ka yi masa bayani, ka tafi da ɗan unguwar, kada ka nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro ko ginin gwamnati, kuma ka manta da maganar jirgi mara matuƙi gaba ɗaya. Dattawan wurin ma su ne za su gaya maka sunayen tsuntsayen da abin da ake gani da can wanda yanzu babu, ka rubuta wannan shi ma.

Game da hoton kansa, waya ta isa a fara. Matsalar waya ita ce in ka ja hoto da yatsa don ya matso, ba matsowa yake ba, yanka shi ake yi ana buɗawa, shi ya sa yake dusashewa. Dabarar ita ce ka rage nisan da kanka, kuma hanyar rage shi ba bin tsuntsu ba ce. Kowane tsuntsu yana da iyakar da in ka ƙetare zai tashi, kuma iyakar tana faɗaɗa in ka nufo shi kai tsaye kana kallonsa. Ka samu gindin itace kusa da inda suke sha, ka zauna, ka yi shiru minti ashirin, za ka ga sun dawo sun manta da kai. Kaya masu launin ƙasa sun fi farar shadda. In kana da madubin hangen nesa, ka ɗora idon kyamarar wayar a kan idonsa, ka samu dogon gilashi a kyauta, sai dai hannu ya daina rawa, don haka ka jingina da wani abu.

Haske ya fi na'ura muhimmanci. Awa biyun farko bayan fitowar rana su ne lokacin da tsuntsaye suka fi kai-komo, kuma hasken yana zuwa ta gefe yana fito da launin gashi. Ka sa rana a bayanka. Da tsakar rana, iska mai ɗumin nan da ke ɗaga maiki ita ce kuma ke sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a hoto. Hazon hunturu kuwa ƙura ce da ke watsa haske, tana cinye launi in abu na da nisa, amma in yana kusa tana tausasa inuwa, hoto ya yi kyau. Mai kyamara ta sosai ya sa saurin ɗaukarta a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye in tsuntsun na tashi. Kuma ka sani hoton da bai yi kyau a ido ba yana iya isa a gane nau'in tsuntsu, in dai baki da ƙafa da gefen fiffike sun fito. Ka bar wayar ta riƙa ajiye wuri da lokaci a jikin hoton, don hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba ado ne kawai.

Kada ka taɓa sheƙa ko ka sare reshe don hoto ya fito. In ka ci sa'ar ganin inda ungulu ko maiki ke sheƙa, ka tura wa masu taswirar, amma kada ka baza ainihin wurin a Facebook, don masu neman kawunansu su ma suna da waya. In kuma ka tarar da tsuntsaye da yawa a mace a wuri ɗaya, kada ka ɗauka da hannu. Yana iya zama guba, yana iya zama murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da mugun nau'inta a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006. Ka ɗauki hoto daga nesa, ka sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi mafi kusa.

Lokacin da ya fi dacewa ka fara shi ne tsakiyar Janairu. A lokacin ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi duk shekara tun 1967, kuma a Najeriya an fi saninta a dausayin Hadeja da Nguru. Ruwan gulbi ya ja, baƙin Turai sun zauna, gawo ya yi ganye. In ka duba ƙafar wanda ka ɗauka ka ga ɗan zoben ƙarfe ko na roba mai lamba, ka yi ƙoƙarin samun lambar a hoto, don da ita ake gano ƙasar da aka sa masa shi da shekarar da aka sa.